Ma'aunin da Ba a Saita Ba: Yadda Ɗaliban Jami'a Suke Kallon Ƙwarewar da Masu Ɗaukar Ma'aikata Suke Nema

Gabatarwa

A kowace shekara jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai suna yaye dubban ɗalibai, kowannensu riƙe da takardar shaidar da ta ci masa shekaru uku ko huɗu ko fiye, ta kuma ci wa iyayensa dukiya mai yawa. Akasarin waɗannan matasa sukan fito ne da yaƙinin cewa sun shirya tsaf domin kama aiki. Amma idan aka juya wajen waɗanda za su ɗauke su aikin, wato shugabannin kamfanoni da masana'antu da asibitoci da ma'aikatun gwamnati, sai a ji wani zance dabam. Sukan ce sabon ma'aikaci ya zo da ilimin littafi, amma ya kasa rubuta rahoto na shafi guda wanda za a karanta a fahimta, ko ya kasa bayyana abin da ya gano a gaban mutum biyar, ko kuma zuwa wurin aiki a kan lokaci ya gagare shi.

To, wane ne mai gaskiya tsakanin ɓangarorin nan biyu? Tambaya ce mai nauyi, domin samun aiki ko rasa shi sau da yawa a kanta ya rataya. Masana sun ɗauki shekaru suna bincike a kan wannan saɓani. Wannan maƙala za ta duba abin da binciken ya gano, da dalilan da suka haifar da shi, da kuma abin da ɗalibin sakandare da malaminsa za su iya yi tun yanzu. Abin da mai karatu zai lura da shi shi ne, ɗalibai sun san irin ƙwarewar da ake nema. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen auna ko nawa suka mallaka daga cikinta.

Ƙwarewar da Ake Nema

Ƙwarewar aiki iri biyu ce. Akwai wadda ta keɓanta ga fanni guda, kamar iya duba jini a madubin ƙara girma domin gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ko iya zana taswirar gini. Akwai kuma wadda kowane aiki yake buƙata, ko a asibiti ne ko a banki ko a gona. Wannan ta biyun ita ce abin nazari a nan.

A ƙasar Amurka akwai wata ƙungiya da ta haɗa jami'o'i da masu ɗaukar ma'aikata, wadda aka kafa a 1956, ake kuma taƙaita sunanta da NACE. A rahotonta na 2018 ƙungiyar ta yi aiki da rukunai takwas na irin wannan ƙwarewa. Su ne: riƙon aiki da muhimmanci, wanda ya ƙunshi kiyaye lokaci da amana da cika alkawari, iya bayani da baki da kuma a rubuce, zurfin tunani da warware matsala, aiki tare da jama'a, jagoranci, sarrafa kwamfuta da na'urorin zamani, tsara wa kai hanyar ci gaba a sana'a, da kuma iya mu'amala da mutanen da al'adunsu suka bambanta.

Wasu bincike sun ƙarfafa wannan jeri. Dandalin Tattalin Arziki na Duniya, wanda yake taronsa na shekara-shekara a garin Davos na ƙasar Siwizalan, ya tambayi manyan kamfanoni fiye da 1,000 domin rahotonsa na 2025. Kimanin bakwai cikin kowane goma suka ce iya feɗe matsala da tunani wajibi ne ga ma'aikaci, kuma wannan ƙwarewa ce ta zo ta ɗaya. Rahoton ya kuma yi hasashen cewa kashi 39 cikin ɗari na ƙwarewar da ma'aikata suke aiki da ita za ta sauya ko ta tsufa kafin 2030. Har ila yau, wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Harvard mai suna David Deming ya nuna, a binciken da ya wallafa a 2017, cewa daga 1980 zuwa 2012 kason ayyukan da suke buƙatar yawan hulɗa da mutane ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari na dukkan ma'aikatan Amurka, alhali kason ayyukan da suke buƙatar lissafi sosai amma ba sa buƙatar hulɗa ya ragu da kimanin kashi 3. Dalilin a fili yake. Na'ura tana saurin karɓe aikin da ake maimaitawa bisa ƙa'ida guda, amma sasanta ra'ayin mutum uku a kan matsala guda har yanzu aikin ɗan Adam ne.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A 2015 ƙungiyar kwalejoji da jami'o'in Amurka ta fitar da sakamakon wani bincike da aka yi wa masu ɗaukar ma'aikata 400 da ɗalibai 613. An fara da tambayar kowane ɓangare abin da ya fi muhimmanci ga mai neman aiki, sai aka ga bakinsu ya zo kusan ɗaya. Tsakanin kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na masu ɗaukar ma'aikata sun fifita iya magana, da iya rubutu, da aiki tare, da zurfin tunani, da yanke hukunci bisa gaskiya, da iya amfani da ilimi a zahiri. Mafi yawan ɗaliban ma waɗannan abubuwa suka fifita.

Da aka zo tambaya ta biyu, wato ko sababbin masu digiri sun sami shiri mai kyau a waɗannan fannoni, sai hanya ta rabu. Kashi 65 cikin ɗari na ɗalibai suka ce sun shirya sosai a fannin rubutu, amma kashi 27 kacal na masu ɗaukar ma'aikata suka yarda da haka. A fannin magana, kashi 62 ne a gefen ɗalibai, 28 a ɗaya gefen. A zurfin tunani kuwa, 66 da 26.

Rahoton NACE na 2018 ya kwatanta amsoshin ɗalibai 4,213 da suke shekarar ƙarshe da na ma'aikatu 201. Ga kason waɗanda suka ce sababbin masu digiri sun ƙware, adadi na farko na ɗalibai, na biyu na masu ɗaukar ma'aikata:

Riƙon aiki da muhimmanci: 89.4 da 42.5
Bayani da baki da rubutu: 79.4 da 41.6
Zurfin tunani da warware matsala: 79.9 da 55.8
Aiki tare da jama'a: 85.1 da 77.0
Jagoranci: 70.5 da 33.0
Sarrafa na'urorin zamani: 59.9 da 65.8

Abubuwa uku ne suka cancanci lura a wannan jadawali. Na farko, giɓi mafi girma yana wajen riƙon aiki, inda kusan ɗalibi tara cikin goma yake ganin ya cika, alhali masu ɗaukar aikin da suka yarda ba su kai rabi ba. Na biyu, a fannin aiki tare ɓangarorin sun kusanci juna. Na uku, akwai fanni guda da abin ya juya: a wajen sarrafa na'urori, masu ɗaukar ma'aikata sun yabi ɗaliban fiye da yadda ɗaliban suka yabi kansu. Za a koma kan wannan batu a gaba, domin yana ɗauke da haske.

Ba ɗalibai kaɗai ne suke da kyakkyawan zato ba. A 2012 kamfanin bincike na McKinsey ya tambayi mutane fiye da 8,000 a ƙasashe tara, cikinsu har da Maroko da Saudiyya da Indiya da Jamus. Kashi 72 cikin ɗari na shugabannin makarantu suka ce ɗalibansu sun shirya wa aiki, amma kashi 42 ne kawai na masu ɗaukar ma'aikata suka ce haka. A wannan binciken matasan da kansu sun fi kusa da masu ɗaukar aiki, domin kashi 45 ne suka ce sun shirya. Wato a nan makaranta ce ta fi kowa yabon kanta.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Wannan koke ba baƙo ba ne a Nijeriya. Hasali ma shi ne ya haifar da shirin horon ɗalibai a masana'antu da aka fi sani da SIWES. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa take Jos, shi ya ƙirƙiro shirin a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kuka cewa waɗanda ake yayewa daga manyan makarantu ba su da ƙwarewar aikin hannu. A ƙarƙashin shirin, ɗaliban kimiyya da injiniya da aikin gona da makamantansu sukan shafe wasu watanni a wata ma'aikata, suna rubuta abin da suka yi kowace rana a littafi na musamman, wani babban ma'aikaci yana dubawa yana sa hannu.

Bayan kusan shekara talatin, a 2000, wani bincike da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi a kan makomar masu digiri a kasuwar aiki ta Nijeriya ya sake jin irin wannan koke. Masu ɗaukar ma'aikata sun nuna cewa rauni ya fi tsanani a wajen bayani da baki da rubutu, da kuma amfani da ilimin fasaha a aikace. A 2012 kuma hukumar yi wa ƙasa hidima ta shigar da shirin koyar da sana'o'i da dogaro da kai ga masu bautar ƙasa. Duk waɗannan matakai suna nuna cewa an daɗe da fahimtar takardar shaida ita kaɗai ba ta wadatarwa.

Me Ya Haddasa Giɓin?

Kowane ɗalibin kimiyya ya san cewa ba a amincewa da ma'auni sai an saita shi. Idan ana son tabbatar da ma'aunin zafi, akan tsoma shi cikin ƙanƙara mai narkewa a ga ko zai nuna 0, sannan a sa shi a tururin tafasasshen ruwa a ga ko zai nuna 100 a ma'aunin Salshiyos, in dai a gaɓar teku ake. A Jos, saboda tudu, ruwa yakan tafasa ne a wajen 96, kuma dole mai gwaji ya san da haka. Ma'aunin da ya karkace ba ya sanar da kowa. Lamba zai ci gaba da bayarwa kamar lafiyayye. Sai an gwada shi da wani abu na waje, wanda aka riga aka san ƙimarsa, kuskurensa yake bayyana. Ɗalibin da aka ce ya auna ƙwarewarsa da kansa yana cikin irin wannan hali, domin shi ne ma'aunin, shi ne kuma abin aunawa.

Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da cewa wannan karkata ta zama ruwan dare. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ola Svenson ya tambayi ɗalibai a Amurka da Suwidin game da iya tuƙin mota. Kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan da kashi 69 na mutanen Suwidin suka sanya kansu cikin rabin da ya fi iyawa. A lissafi hakan ba zai yiwu ba, tun da rabin sama ba zai ɗauki fiye da kashi 50 ba.

A 1999 kuma Justin Kruger da David Dunning na Jami'ar Cornell suka yi wa ɗalibai gwaji a kan tunani bisa ƙa'ida da nahawun Ingilishi da gane ban dariya, sannan suka nemi kowa ya kintaci matsayinsa. Da za a jera mutum 100 daga mai rauni zuwa gwani, waɗanda suka fi rauni suna wajen matsayi na 12 ne daga ƙasa, amma suka kintaci suna na 62. Waɗanda suka fi kowa ƙoƙari kuwa sun ɗan rage wa kansu matsayi. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, ilimin da ake buƙata domin a yi abu daidai, shi ne dai ake buƙata domin a gane an yi kuskure. Wanda bai san ƙa'idar rubuta rahoto ba, ba zai ga aibin rahotonsa ba. Wasu masana daga baya sun nuna cewa wani ɓangare na wannan sakamako ya samo asali ne daga yanayin lissafin alƙaluman, don haka ba a ɗauke shi kamar doka ba. Sai dai akwai wani abu mai amfani a cikin binciken: da aka ba masu raunin ɗan gajeren horo a kan tunani bisa ƙa'ida, kintacensu game da kansu ya gyaru.

A nan ne batun sarrafa na'urori yake ba da haske. Kwamfuta ba ta kara. Idan ɗalibi ya yi kuskure, nan take aikin zai ƙi tafiya, saboda haka kullum yana ganin iyakar iyawarsa, yana kuma ganin abokan da suka fi shi. Amma wane ne yake gaya wa ɗalibi cewa bayaninsa bai fita ba, ko cewa makararsa ta minti goma ta ɓata wa wasu aiki? A ajin da ɗalibai suka kai ɗari biyu ko uku, malami ba shi da sukunin yi wa kowa gyara dalla-dalla. Maki kawai ɗalibi yake gani, makin kuma galibi na abin da ya haddace ne. Ana iya cewa, ke nan, inda gyara yake zuwa da sauri ma'aunin ɗalibi yakan daidaita, inda kuwa babu mai gyara sai ya karkace.

Dalili na ƙarshe shi ne, kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu. Idan ɗalibi ya ce ya iya rubutu, yana nufin ya cika shafi goma a jarrabawa ya ci. Idan shugaban ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya ce rubutu, yana nufin layi biyar da likita zai karanta cikin gaggawa ba tare da ya yi kuskuren ba da magani ba. A makaranta, wanda ya sami 70 cikin 100 ya yi zarra. A wurin aiki, ma'aikacin da yake lakaba suna daidai a kwalaben jini bakwai cikin goma haɗari ne ga rayukan mutane.

Hattara da Alƙaluma

Tarbiyyar kimiyya ta hana a karɓi alƙaluma ido rufe, ko da sun yi daidai da abin da ake zato. Akwai abubuwa uku da ya kamata a riƙe. Da farko, amsoshin ɓangarorin biyu duk ra'ayi ne. Ba a zaunar da kowa an gwada ƙwarewarsa ba, kuma shi ma mai ɗaukar ma'aikata ma'auni ne da zai iya karkacewa. Manya sun daɗe suna kukan cewa 'yan baya ba su kai su ba. Na biyu, tambayoyin ba iri ɗaya ba ne sak: ɗalibi kansa yake aunawa, shi kuwa mai ɗaukar aiki yana auna dukkan sababbin ma'aikatan da ya gani ne a dunƙule. Na uku, mafi yawan alƙaluman daga Amurka suke, ba za a ɗauko lambobinsu a ɗora wa wata ƙasa kai tsaye ba. Haka kuma rashin aikin yi yana da wasu dalilai manya, kamar ƙarancin masana'antu, waɗanda ba laifin ɗalibi ba ne. Duk da haka, idan bincike dabam-dabam, a shekaru dabam-dabam, suka yi ta nuni zuwa wuri guda, mai hankali ba zai kau da kai ba. Kuma a ranar ganawar neman aiki, ma'aunin mai ɗaukar aiki ne yake yanke hukunci.

Darasi Daga Tarihin Kimiyya

Wasu ɗaliban kimiyya suna ɗaukar cewa iya magana da rubutu da hulɗa aikin 'yan fannin adabi ne. Tarihi ya ƙaryata wannan zato.

A 1847 wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis, wanda yake aiki a babban asibitin birnin Biyana na Ostiriya, ya lura cewa mata masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a sashen da likitoci da ɗalibai suke karɓar haihuwa, fiye da sashen ungozoma. Ya gano cewa likitocin suna zuwa ne daga ɗakin feɗe gawa. Da ya tilasta wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin, mace-macen da suka kai kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka sauko zuwa kimanin kashi 2 a watan Yuni. Amma bai wallafa cikakken littafinsa ba sai 1861, kuma da aka yi masa suka sai ya mayar da martani da wasiƙu masu zafi. Ya rasu a 1865 ba tare da akasarin likitoci sun karɓi ra'ayinsa ba. Gaskiya ne cewa a lokacin ba a riga an tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne suke haddasa ciwo ba, wannan ma ya taimaka wajen ƙin karɓa. Amma jinkirin rubutu da kaushin harshe sun ƙara toshe wa gaskiyarsa hanya, mata kuwa suka ci gaba da mutuwa.

A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, wanda ƙera shi ya ci kimanin dala miliyan 125. Bincike ya nuna cewa rukuni ɗaya na injiniyoyi ya ba da alƙaluma a tsarin awo na fam, ɗaya rukunin kuma ya ɗauka a tsarin mita suke. Dukkansu gwanaye ne a lissafi. Abin da ya faɗi shi ne sadarwa tsakaninsu.

Misali na uku daga gida yake. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi ya sauka Legas daga Laberiya ba shi da lafiya, aka fara yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin cutar Ebola ce, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi. Daga nan ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 ne suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, cikinsu har da ita likitar, kuma a ranar 20 ga Oktoba, 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta kau daga Nijeriya. Ilimin likitanci ya yi aiki a nan, amma ya yi ne tare da zurfin tunani da riƙon amana da aiki tare da kyakkyawan adana bayanai.

Abin Yi Tun Daga Sakandare

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwarewar da ake magana a kai ba ta buƙatar sabon darasi a jadawalin makaranta, domin darasin gwaje-gwaje na ilimin halittu, idan an yi shi yadda ya kamata, ya ƙunshe ta duka. Mai gyaran takardar gwaje-gwaje ta WAEC yana duba ko an sa wa zane take, ko layukan suna an ja su da rula, ko an rubuta yawan ninkin girman zanen. Wannan kula da ƙananan abubuwa ita ce dai ake kira riƙon aiki a ma'aikata.

Ga wani gwaji da malami zai iya shiryawa ba tare da kayan tsada ba. A raba aji rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar. Kowane rukuni ya yanka dankalin turawa siri-siri, tsawon santimita 5, ya sa wasu a ruwa zalla, wasu a ruwan gishiri mai kauri, ya bar su kamar awa guda, sannan ya sake aunawa. Za a ga na cikin ruwa zalla sun ɗan ƙara tsawo sun yi tauri, na cikin ruwan gishiri kuwa sun ragu sun yi laushi, saboda ratsawar ruwa ta fatar ƙwayoyin halitta, wato osmosis. Daga nan kowane ɗalibi ya rubuta rahoton yadda aka yi gwajin, sannan ya rubuta a wata takarda dabam makin da yake jin rahotonsa ya cancanta cikin 10, ya miƙa wa malami. Sai a ba ɗaliban wani aji rahotannin, a ce su maimaita gwajin da abin da aka rubuta kawai, ba tare da sun tambayi kowa ba. Nan take giɓi zai bayyana: wani bai faɗi yawan gishiri ba, wani ya manta tsawon lokaci, wani ya rubuta lamba 5 bai ce santimita ba ce ko inci. A ƙarshe a kwatanta makin da ɗalibi ya ba kansa da wanda masu maimaitawa suka ba shi. Idan aka yi irin wannan sau uku ko huɗu a zango, ɗalibi zai ga da idonsa ko tazarar tana raguwa.

Bayan wannan, akwai shawarwari kaɗan ga ɗalibi. Ya riƙa ajiye littafin aiki mai kwanan wata, ya rubuta abin da ya gani a gwaji ko da ya saɓa wa abin da littafi ya ce. Ya saba da tsayawa gaban aji ya yi bayanin minti uku, da Hausa da Ingilishi, sannan ya tambayi wani abokinsa ya maimaita abin da ya fahimta. Ya shiga ƙungiyar muhawara ko ta matasan masana kimiyya, ya karɓi wani nauyi a ciki. Idan an yi hutu, ya nemi taimakawa a shago ko gona ko kemis, ya kuma roƙi maigidan ya faɗa masa rauninsa ba tare da kara ba. Idan ya kai matakin horon masana'antu, kada ya mayar da shi neman sa hannu kawai. Ga malami kuwa, jimla guda ta gyara a gefen takarda, wadda ta nuna ainihin inda kuskure yake, ta fi maki amfani ga ɗalibi.

Kammalawa

An ga yadda bincike ya nuna cewa ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata sun yi ittifaƙi a kan ƙwarewar da take da muhimmanci, amma sun sha bamban a kan ko ɗaliban sun mallake ta. An ga kuma cewa giɓin ya fi faɗi a fannonin da ɗalibi ba ya samun gyara daga waje, ya kuma ƙuntata inda gyara yake zuwa nan take. Maganin abin shi ne dai wanda ake yi wa kowane ma'auni a ɗakin gwaje-gwaje, wato a riƙa gwada shi da wani abu na waje lokaci-lokaci. Gara ɗalibi ya ji rauninsa daga bakin malaminsa yana aji huɗu na sakandare, da ya gano shi bayan ya fito daga ɗakin ganawar neman aiki hannu rabbana. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tambayoyin Bita

1. A bambanta ƙwarewar da ta keɓanta ga fanni guda da wadda kowane aiki yake buƙata, tare da misali biyu-biyu.
2. Daga jadawalin NACE, a lissafa tazarar da take tsakanin ɓangarorin biyu a kowane fanni, a jera su daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta.
3. Me ya sa ba zai yiwu kashi 93 cikin ɗari na direbobi su kasance cikin rabin da ya fi iya tuƙi ba?
4. A kawo dalilai biyu da za su sa a yi taka-tsantsan da ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata.
5. A tsara wani gwaji, ban da na dankali, wanda za a iya auna iya rubuta rahoto da shi a aji.